Raguna Talatin da Buhun da Ban Saya Ba

Kafin in zo Amurka malami ne ni a wata kwalejin aikin gona a gida, darasina kuwa haɗa abincin dabbobi. Shekara tara na yi ina tsayawa gaban allo ina nuna wa ɗalibai yadda ake auna masara da dusa da ƙuli don kaza ta yi ƙwai, sa ya yi nama. Da na iso Washington a farkon shekarun dubu biyu, takarduna ba su amfane ni da komai ba. Na kai su wurare da yawa, har manyan gine-ginen gwamnati na kudu maso yammacin birnin inda ake irin aikin da na sani. Duk inda na je sai a ce in sake karatu a nan tukuna. Ga mata da yara biyu a ɗan gidan haya a Springfield. Sai na kama tuƙin tasi.

A masallacin Juma'a na san Baba. Mutumin Maradi ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Ya daɗe yana yi wa wani ofishin jakadanci direba, har ya ajiye aiki, amma zama ya gagare shi. Iyalinsa suna gida, shi kaɗai yake a wani ɗaki da ya kama a wajen wasu 'yan Ghana. Turancinsa bai wuce na hanya da kanti ba, Hausa da Faransanci yake ji. A cikin tumaki ya tashi. In ya ɗora hannu a gadon bayan rago, zai faɗa maka nauyinsa kamar ya ɗora shi a ma'auni.

Wata Babbar Salla muka tafi tare wata gona neman abin layya. Mun yi tafiyar awa biyu, muka sha layi, aka nuna mana wasu 'yan raguna marasa jiki da tsada kamar me. Baba ya kama ɗaya ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sake shi.

"Malam, wanga ba rago ba ne, kyanwa ce aka sa ma ƙaho," ya ce. "Kai ka san lissahi, ni na san bisashe. Mi za ya hana mu yi namu?"

A mota muka ci gaba da maganar, kafin mu iso gida mun gama shawara.

Muka sami wata tsohuwar Baturiya a yammacin Virginia, tafiyar awa guda daga Springfield. Mijinta ya rasu, an sayar da shanunsa, rumfar dabbobin tana nan babu kowa. Ta ba mu haya da sauƙi, ina jin don ta riƙa ganin motsin mutane ne a gidan. Shekarar farko raguna goma sha biyu muka saya a kasuwar gwanjon dabbobi, wata uku kafin Salla. Baba yake zuwa kullum da safe a tsohuwar motarsa, ni kuma in je sau uku a mako, ranakun da aiki ya yi sauƙi.

Lissafin ba mai wuya ba ne ga wanda ya saba. Ragon da ake so ya yi nama yana bukatar furotin, wato abin da ke gina jiki, kamar kashi goma sha shida cikin ɗari na abincinsa. Masara tana da wajen tara. Garin waken soya da aka tatse wa mai, wanda shi ne madadin ƙulinmu a nan, yana da wajen arba'in da huɗu. In ka zuba awo huɗu na masara da awo ɗaya na soya, ka sami sha shida cif. A kan wannan sai ka ƙara ɗan haɗin gishiri na tumaki da ake sayarwa a ƙaramin buhu. A cikinsa akwai garin farin dutse mai ba da kalsiyam, da wani gishiri da ke hana tsakuwa taruwa a mafitsara. Sannan busasshiyar ciyawa, kowane rago da rabonsa, da ruwa isasshe. Kowane rago yana cin wajen laba uku na haɗin a yini, yana ƙara nauyin kamar rabin laba. Daga nan za ka san nawa kowace laba ta nama ta tsaya maka, da nawa za ka sayar ka fita.

A layin tasi nake wannan lissafi, a bakin otal-otal na arewa maso yammacin birnin, littafi a kan sitiyari. Ranar Asabar mu shimfiɗa tamfol a rumfar, mu juye buhuna, mu cakuɗa da shebur har launin ya zama ɗaya. Baba yakan ɗebo a tafin hannu ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe. A shekarun da na yi a ƙasar nan, lokacin ne kaɗai na ji ina aikin da na iya. Ragunan suka yi kyau, mutanenmu suka kwashe su tun kafin Salla ta zo, har ana yi mana ƙorafin mun kiwata kaɗan.

Shekara ta biyu muka sayi talatin. Baba ya zuba abin da yake tarawa na ginin gidansa a Maradi, ni na zuba abin da muka ware ni da matata. Mutum ashirin da takwas suka ce a riƙe musu, likitoci da injiniyoyi da direbobi irina, sauran biyun namu ne. A shekarar Salla ta faɗo cikin Disamba.

Tun watan farko masara ta fara tashi. Duk zuwan da zan yi kantin abincin dabbobi sai in tarar an sauya takardar farashi. Mai kantin ya ce masarar ana kwashe ta ne zuwa masana'antun yin man mota, kuma ba ya ganin za ta sauko. Soya ta bi ta. Ciyawa ma ta yi tsada saboda damina ba ta yi kyau ba a yankin. Raguna talatin suna cinye kusan buhu biyu kullum, buhu mai laba hamsin. Ga shi mun riga mun faɗa wa mutane farashi, kuma cikinsu akwai dattawan da ba zan iya komawa in ce musu an ƙara ba.

Wata Lahadi bayan azahar na zauna a teburin cin abinci na sake lissafin daga tushe. Dusar alkama ta fi araha, furotin ɗinta kuma ya kusa sha shida da kansa, don haka in na maye kusan rabin haɗin da ita, lambar ba za ta motsa ba. Na rubuta haka. Na rage ciyawa da kashi ɗaya cikin uku, tunda hatsi ne ke sa nama da sauri. Sai na zo kan ɗan buhun gishirin. Namu ya ƙare a makon, kantin da muke saye ba su da shi, sai wani gari da ke da nisan mil arba'in. Na san dusa cike take da sinadarin fosforas, na san in ya rinjayi kalsiyam a cikin abincin rago, tsakuwa ce ke biyo baya. Na koyar da wannan, na sa shi a jarrabawa, na kayar da ɗalibai a kansa. Amma na ƙirga kwanakin da suka rage, na ga mako shida ne, na ce a raina kafin tsakuwa ta taru an yanka su. Na ja layi a kansa.

Matata tana ninke kayan yara a gefe, ta leƙo.

"Wannan da ka soke fa, Malam?"

"Gishiri ne kawai. Babu shi a kanti."

"Nawa ne kuɗinsa?"

Na faɗa mata.

"Ai ko man da kake sha a yini ya fi haka," ta ce.

Na ce mata ba kuɗin ba ne, tafiyar ce, rabin yini zan rasa a kan hanya. Ta ci gaba da ninke kayan. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu, ta ɗauka ni ne na san dabbobi.

Da Baba ya ga sabon haɗin, ya murza shi a hannu ya ce ya yi laushi da yawa. Ya kuma yi maganar ciyawa.

"Malam, rago in bai tuƙa ba, cikinai ba ya lahiya. A ƙara musu haki."

Na buɗe littafin na nuna masa lambobi, na ce furotin ya cika, ƙarfi ya cika. Ya daɗe yana kallon shafin, alhali na san ba karanta shi yake ba.

"To, kai ka yi karatun," ya ce.

Sai sanyi ya sauko da wuri. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa sa daskarewar ruwa a lissafi ba, don a gida babu wannan. Komin ruwan yana bakin rumfa. Baba zai zo da safe ya fasa ƙanƙarar da guduma, ragunan su ɗan tsoma baki su ja da baya, kafin azahar ya sake daskarewa. Tsohuwar ta taɓa ce min mijinta yana da wani ƙarfe mai aiki da lantarki da ake jefawa cikin komi ya hana ruwa daskarewa, ya lalace, amma ana sayar da sabo a gari. Na ce mata zan duba. Ban duba ba.

Saura kwana goma sha takwas Salla, ina ɗauke da fasinja a kusa da jami'a, Baba ya kira. Ban ɗauka ba sai da na sauke mutumin.

"Malam, ka taho. Babban nan mai baƙin kunne ba shi da lahiya. Yana ta yunƙurin hitsari, ba abin da ke hitowa."

Na kashe fitilar tasi na kama hanya.

Na tarar da ragon a tsaye a kusurwa, ya miƙe ƙafafun baya, ya banƙare, wutsiyarsa na rawa. Yana niƙa haƙora har ana ji daga bakin ƙofa. Can sai ya ɗaga ƙafa ya harbi cikinsa, ya kwanta, ya sake tashi. Na durƙusa na duba gashin gabansa, na ga wasu fararen ƙwayoyi kamar gishiri sun bushe a jiki. Da na ɗaga kai na dubi sauran, na ga biyu sun tsaya irin wannan tsayuwar.

Tsohuwar ce ta kira mana likitar dabbobi, wata mace mai matsakaicin shekaru. Ta zo da la'asar. Muka zaunar mata da ragon a kan gindinsa, ni da Baba muna riƙe, ta fito da gabansa ta yanke ɗan siririn bakin da tsakuwa ke maƙalewa. Fitsari bai zo ba. Ta taɓa cikinsa ta ce toshewar ta yi sama, sai dai tiyata a asibiti, kuma kuɗin tiyatar ya fi kuɗin raguna huɗu, ba ta kuma ba da tabbacin zai tashi ba. Ɗaya daga cikin sauran biyun ya dace, tana yankewa fitsari ya tsinke, ja kamar ruwan zoɓo.

Ta cire safar hannu ta tambaye ni abin da muke ba su. Na miƙa mata littafin. Ta bi layukan da yatsa, ta tsaya a inda na soke. Ta ce wa ya haɗa wannan? Na ce ni ne. Ta ce furotin ɗin daidai yake ƙwarai, da gani wanda ya yi ya san aiki. Sai ta tambaye ni daga ina kalsiyam zai fito, da wannan uwar dusa, da ciyawa kaɗan haka. Ta je ta leƙa komin ruwan, ta ƙwanƙwasa ƙanƙarar da takalminta, ta ce wannan kuma ya ƙarasa abin da abincin ya fara.

Baba yana tsaye yana duban bakinmu.

"Mi ta ce, Malam?"

"Ta ce ruwan ne, Baba. Ba sa shan ruwa saboda sanyi."

Na ga fuskarsa ta canza. Ruwa aikinsa ne. Ya ce da ya sani da ya riƙa dawowa da yamma ya sake fasawa, ko ya kawo ruwan zafi a jarka. Na ce masa ƙaddara ce, kada ya sa a ransa. Haka na bar shi.

A ranar na yi tafiyar mil arba'in ɗin na sayo gishirin, na sayo ƙarfen ɗumama ruwa, na cika bayan motar Baba da ciyawa. Muka janye dusar. Likitar ta bar mana wani magani da ake ɗura musu a baki. Amma tsakuwar ta riga ta taru, sai fitowa take ɗaya bayan ɗaya. Kusan kowace safiya Baba zai tarar da wani ya banƙare a kusurwa.

Mai baƙin kunnen ya kwana biyu yana wahala, a rana ta uku ya yi shiru, ya daina niƙa haƙora. Baba ya yi murna ya ce sauƙi ya samu. Ni na san mafitsarar ce ta fashe. Cikinsa ya kumbura ta ƙasa, in ka danna sai yatsa ya bar rami. Baba ya ce kada a bari ya mutu mushe, ya ɗauko wuƙa, muka fuskantar da shi gabas. Da muka farka cikin, fitsari ya malalo a kan ƙanƙara, warinsa ya cika rumfar. Naman duk ya ɗauka. Baba ya yanko ɗan tsoka daga cinya ya shinshina, ya ajiye a hankali.

Takwas muka rasa a haka. Kowanne Baba ya yanka shi da bisimilla ko da ya san ba mai ci, ya ce ba zai tsaya yana kallon dabba tana wannan azaba ba. Ƙasa ta yi tauri, diga ba ta shiga, sai maƙwabcin tsohuwar ya zo da motar haƙa ya yi mana rami a ƙarshen gonar. Mu muka ja su da igiya zuwa can. Biyar sun tashi bayan an yi musu ɗan yankan, amma sun rame, ga magani a jikinsu, ba su halatta a kai wa kowa da sunan layya ba. Saura goma sha bakwai.

Mutum goma sha ɗaya na kira na ce musu babu rago. Wasu suka yi mana jaje. Wani dattijo likita ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, da ka faɗa min tun makon jiya," ya ajiye waya. Ni da Baba muka bar namu. Ranar Salla muka yini a gonar muna kamawa da fiɗa wa masu rabo, muka dawo da kawuna biyu da ƙafafu da wani ya bar mana. Ƙaramar 'yata ta tare ni a ƙofa ta tambaye ni da Turanci ina ragonmu. Uwarta ta ja ta ciki.

Duk kwanakin nan Baba bai daina maganar ruwa ba. Ya rame, tari ya kama shi, don ya koma zuwa gonar sau biyu a yini. Ko a masallaci na ji yana gaya wa wani cewa sakacinsa ne, tsufa ya sa bai lura ba. Ina tsaye a bayansa ina ɗaure takalmi.

Mako guda bayan Salla muka je share rumfar. An mayar da biyar ɗin kasuwar gwanjo an sayar da su a wulaƙance. Muna kwashe taki, ga ragowar buhunan dusa a jingine a bango. Na ajiye shebur.

"Baba, akwai maganar da ban faɗa maka ba. Abin da likitar nan ta ce ba ruwa kaɗai ba ne. Abincin ne tushe. Ni na ƙara dusa, na rage ciyawa, na cire gishirin da ke hana tsakuwa. Kuma na san abin da zai iya faruwa lokacin da na cire."

Bai juyo ba. Ya ci gaba da tura taki har ya kai bakin ƙofa, ya juye, ya dawo.

"Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Kuma ka bar ni ina ta hwaɗa ma mutane ni ne."

Na ce haka ne. Na ce ya yafe min.

Ya zauna a kan buhun dusa, ya cire hularsa ta sanyi ya riƙe a hannu.

"Kuɗɗi ba komi ba ne, Malam, sun tahi sun tahi. Amma kwana ashirin da wani abu ban yi barcin kirki ba. Ina rufe ido sai in ga wanga rago yana harbin cikinai, in ce ni na yi mishi." Ya mayar da hular. "Na yahe. Allah ya yahe muna baki ɗai. Ɗauko shebur mu gama, rana na tahiya."

Muka gama, muka mayar wa tsohuwar mabuɗi. Ta tambaya ko za mu dawo baɗi, Baba ya ce mata da ɗan Turancinsa sai abin da Allah ya yi.

Ba mu koma ba. Muka raba abin da ya saura, na ce ya ɗauki duka, ya ƙi, ya ce yadda aka shiga tare haka za a fita. Gaisuwa ba ta yanke tsakaninmu ba, muna haɗuwa ranar Juma'a, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Amma ya daina zuwa gidana cin tuwo ranar Lahadi, ni kuma kunya ta hana ni matsa masa. Ya nemi aikin gadi a wani wurin ajiye motoci, yana tsayuwa cikin sanyi da shekarunsa, don ya mayar da abin da ginin ya rasa. Shekara huɗu ya ƙara a kan lokacin da ya yi niyyar komawa gida.

Ni na kai shi filin jirgi ranar da zai tafi. Akwati biyu gare shi da wata jaka cike da magungunan hawan jini. A hanya ya yi ta ba ni labarin jikokin da bai taɓa gani ba, da ɗaki biyun da aka samu aka rufa, saura ɗaya ba rufi. A bakin ƙofar shiga ya riƙe hannuna ya ce in gaida maiɗakina, in kula da karatun yara, kada in bari su manta Hausa. Ya ja akwatunansa ya shiga layi.

Sau biyu muka yi waya bayan nan. Bai cika shekara biyu a gida ba, ɗansa ya kira ni wata ranar Talata ina kan aiki ya ce Baba ya rasu, an kai shi da safe. Na sami gefen titi na tsaya na yi masa addu'a. Da na ɗan natsu na kira matata na faɗa mata, sannan na kira limaminmu don a sanar ranar Juma'a.